In da lantarki jijiya ke aiki, ta yaya maganin feshi ya taɓa ta?

Tambaya: Malam, a makarantar koyon aikin jinya an koya mana cewa saƙon jijiya lantarki ne, yana gudu kamar a wayar wuta. To kwanakin baya kawuna ya yi feshin ƙwari a gonar wakensa bai rufe hanci ba, bai rufe jiki ba. Da yamma sai ga yawu na dalala, gumi na karyo masa, naman jikinsa na rawa. A asibiti aka ce maganin ne ya taɓa masa jijiyoyi, aka yi ta yi masa allurar atrofin. Ta yaya ruwan magani zai taɓa abin da lantarki ke tafiyar da shi?

Amsa: Ƙanwata, a yi wa kawu sannu, Allah ya ƙara afuwa. Abin da aka koya muku gaskiya ne, amma iyakarsa cikin ƙwayar jijiya guda. Da saƙo ya kai ƙarshen ƙwayar, lantarki ya gama nasa, domin akwai 'yar tazara tsakaninta da ta gaba, kuma sinadari ne ke ƙetare tazarar. A daidai nan maganin feshi ya kama kawunki. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, har yau kuwa ban san wani wuri a jikin ɗan Adam da ya kai shi ƙanƙanta kuma ya kai shi ɗaukar nauyi ba.

Mu Hausawa abu uku muke kira jijiya: wadda jini ke bi, da mai taurin nan da ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara, da farin zaren da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka yana kai saƙo yana kawowa. Ta ukun nake nufi a duk maganar nan. Ƙwayoyinta a ƙwaƙwalwa kaɗai sun kai kimanin biliyan 86. Kowace tana da gajerun rassa da take karɓar saƙo da su, da doguwar wutsiya ɗaya da ake kira akson, wadda take aikawa da ita. Akwai akson da ya taso daga ƙasan gadon baya bai tsaya ba sai babban yatsan ƙafa, kusan mita guda.

Lantarkin ma ba irin na wayar gida ba ne. In ƙwayar tana hutawa, cajin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kusan milibolt 70. In aka tsokane ta sai wasu 'yan ƙofofi a fatarta su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, cajin wurin ya juye. Juyewar nan ita ke buɗe ƙofofin da ke gaba, su ma su buɗe na gabansu, kamar wuta a busasshiyar ciyawa, kowane tsiro na kunna maƙwabcinsa. A manyan jijiyoyi masu rufin kitse saƙon kan yi mita 100 ko fiye a sakan ɗaya, a sirara marasa rufi kuwa mita ɗaya ma da ƙyar. Shi ya sa in kika yi tuntuɓe za ki fara jin zafi mai kaifi nan take, sai bayan ɗan lokaci raɗaɗin ya biyo.

An daɗe ana gardama kan abin da ke faruwa a ƙarshen wutsiyar. Camillo Golgi na Italiya ya tsaya a kan cewa jijiyoyi a haɗe suke kamar raga, babu inda suka yanke. Santiago Ramón y Cajal na Sifen ya ce a'a, kowace ƙwaya zaman kanta take yi, kusantar juna kawai suke. A 1906 aka ba su kyautar Nobel tare, kowa bai sauka daga ra'ayinsa ba. Tun 1897 Charles Sherrington na Ingila ya raɗa wa wurin haɗuwar suna sinaps, ni kuwa mahaɗa nake ce wa ɗalibaina. Amma ba wanda ya ga tazarar da idonsa sai a shekarun 1950, da aka samu madubin ƙara girma mai aiki da elektiron. Faɗinta kimanin nanomita 20 zuwa 40. Sai kin tsaga kaurin silin gashi gida dubu biyu ko uku kafin ki kai nan. Gaskiyar Cajal ce ta fito, shekara ashirin bayan rasuwarsa.

Ki ɗauki baƙo namiji da ya zo wurin maigida. Ko da gudun babur ya iso, a ƙofar zaure zai tsaya. Sai ya samu yaro ya ce, shiga ka ce ana sallama da maigida. Lantarkin shi ne baƙon, sinadarin shi ne yaron. Don haka nake kiran waɗannan sinadarai 'yan aike.

Wanda ya fara kama ɗan aiken a hannu shi ne Otto Loewi, a birnin Graz na Ostiriya, a 1921. Yadda shi da kansa ya ba da labari, cikin barci dabarar ta zo masa, ya farka ya rubuta a 'yar takarda, da gari ya waye ya kasa karanta rubutun nasa. Daren da ya biyo ta sake zuwa, bai jira safiya ba ya nufi ɗakin gwaji. Ya ciro zuciyar kwaɗo biyu suna bugawa cikin ruwan gishiri. Ɗaya tana tare da jijiyarta mai suna bagus, wadda aka san tana rage bugun zuciya. Ya tsokani jijiyar da lantarki, zuciyar ta yi sanyi. Sai ya ɗebi ruwan da ya jiƙa ta ya zuba wa ta biyun, wadda ba a taɓa mata jijiya ba, ita ma ta rage bugu. Lantarki ba ya zama a cikin ruwa a ɗebe shi a kai wani wuri. Ke nan jijiyar wani abu ta zubar. Daga baya aka tabbatar asetilkolin ne, sinadarin da Henry Dale na Ingila ya riga ya yi nazarinsa, su biyun suka raba Nobel a 1936. Ki riƙe sunan nan asetilkolin, shi ne dukan labarin kawu. Akwai dai wasu mahaɗu da lantarki ke ratsawa kai tsaye ta 'yan bututu, amma mafi yawan namu na sinadari ne.

Ga yadda sallamar ke gudana. A bakin wutsiyar akson akwai 'yan jakunkuna birjik, kowace cike da dubban ƙwayoyin ɗan aike, wasu har sun jingina da fata suna jira. Isowar lantarki sai ta buɗe ƙofofin kalsiyam. Kalsiyam na shiga, wasu furotin da ke riƙe da jakunkunan su ja su su manne da fatar ƙwayar, bakin jaka ya buɗe waje, abin ciki ya watsu a tazarar. A ɗaya gefen akwai makarɓai, furotin ne da aka yi daidai da siffar ɗan aiken, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Yana zama a kansu su buɗe tasu ƙofar, sodiyam ya shiga, sabon lantarki ya tashi a ƙwaya ta gaba ko a tsoka. Duk wannan bai cika kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Bernard Katz a Landan, a shekarun 1950, shi ya gano cewa ba kwarara sinadarin ake yi ba, ƙulli-ƙulli yake fita kamar gishirin mai tebur, kowane ƙulli jaka ɗaya. Ya ga ko jijiya na hutawa, jefi-jefi ƙulli ɗaya kan kuɓuce, cajin tsoka ya ɗan motsa a na'ura da awo iri ɗaya kullum. Aikin ya kai shi ga Nobel a 1970. Furotin masu jan jakar kuwa sai a 2013 aka karrama waɗanda suka warware sirrinsu, cikinsu har da James Rothman da Thomas Südhof.

Akwai abin da ɗalibai kan tsallake, kuma shi zai fahimtar da ke allurar da aka yi wa kawu. Ma'anar saƙo ba a jikin ɗan aike take ba, tana wurin mai karɓa. Asetilkolin ɗin da ke sa tsokar hannu ta ɗaure, shi ne dai ke sa zuciya ta sassauta. Makarɓansa iri biyu ne. Na tsokar da muke motsawa da niyya ana danganta su da nikotin, don nikotin ɗin taba na kunna su. Na zuciya da hanji da mafitsara da hanyoyin iska da masu fitar da yawu da hawaye da gumi ana danganta su da muskarin, wani dafi na naman kaza.

Yanzu ga inda nake son ki tsaya sosai. Littattafai kan ba da shafuka kan yadda ake aika saƙo, su ba da layi biyu kan yadda ake kashe shi, alhali a ganina kashewar ta kai aikawar muhimmanci. Yaron da ya shiga ya ce ana sallama, dole ya fita. In ya tsaya yana ta maimaitawa, wani ya shigo ya tsaya, wani ma haka, ba za a ƙara sanin sallama nawa aka yi ba. A mahaɗar asetilkolin akwai wani inzayim, kolinestares, zaune cikin tazarar, aikinsa kawai ya datse ɗan aiken gida biyu. Yana cikin mafi sauri a jiki, ƙwaya ɗaya tasa kan datse dubbai a sakan guda. Kafin saƙo na biyu ya iso an share fili. Don haka kike iya ƙifta ido ki buɗe, ki ja numfashi ki sake.

Magungunan feshi na dangin oganofosfet wannan inzayim suke kamawa su liƙe masa. Ota-fiya-fiya da ake fesawa a ɗaki don sauro galibi daga wannan dangi yake. Ƙwaro da irin inzayim ɗinmu yake aiki, shi ya sa abin da ya kashe shi ba ya ƙyale mu. Kuma ba sai an sha ba, ta fata yana shiga, ta numfashi yana shiga, musamman in ga zafin rana ga riga jiƙe da magani. Da inzayim ya tsaya sai asetilkolin ya taru a kowace mahaɗa. A makarɓan muskarin sai ki ga yawu da hawaye da gumi, amai da gudawa, fitsari ba riƙo, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, zuciya ta yi sanyi, ƙirji ya cika da majina. A makarɓan nikotin sai tsoka ta fara rawa, abin da kuka gani a jikin kawu. In abin ya ci gaba, tsokar da aka dame ta da kira ba hutu takan daina amsawa gaba ɗaya, ta saki. In ta numfashi ce ta saki, ga ƙirji cike da ruwa, nan ake rasa mutum.

Atrofin ba ta taɓa gubar, ba ta kuma gyara inzayim. Zuwa take ta zauna a kan makarɓan muskarin ta toshe su, asetilkolin ya yi ta yawa bai samu wurin zama ba. Tunda shi ya yi yawa, ita ma sai an yi ta ƙarawa, abin da ya sa kika ga ana ta maimaita allura. A matsayinki na mai koyon jinya ki sani, bushewar ƙirji da dawowar bugun zuciya ake dubawa a san ta isa, ba buɗewar ƙwayar ido kaɗai ba. Ki kuma sani ba ta da iko a kan makarɓan nikotin, don haka mutum na iya bushewa sarai amma tsokar numfashinsa na nan a raunane. Akwai wata allurar, firalidoksim, da ke ɓamɓare gubar daga jikin inzayim, amma sai an yi ta da wuri, don in aka jima liƙewar takan zama ta dindindin.

Wannan ilimi yana da saiwa a ƙasarmu. A Kalaba akwai wani wake mai dafi da Efik ke kira esere, wanda a da ake ba wanda ake zargi da maita ya ci. A ƙarni na 19 aka kai shi Edinbura ta Sikotilan, a shekarun 1860 aka tace sinadarinsa, fisostigmin, wanda har yau ake kuma kira eserin. Aikinsa ɗaya da na maganin feshi, sai dai shi yakan saki inzayim bayan ɗan lokaci. Wajen 1870 Thomas Fraser ya nuna a can cewa atrofin na karya dafin waken. Loewi ma ya yi aiki da eserin wajen gane yadda ake datse asetilkolin. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa wata mata mai cutar mayasteniya allurarsa. A cutar nan garkuwar jiki ce ke lalata makarɓan tsoka, fatar ido ta riƙa faɗowa, tauna da haɗiya su gagara, rauni ya ƙaru da yamma. Da aka rage wa inzayim sauri, ɗan aike ya daɗe a tazarar har ya samu 'yan makarɓan da suka rage, ƙarfin matar ya dawo na wasu sa'o'i. 'Yan'uwan wannan magani ake ba masu cutar har gobe. Ita kuma atrofin danginta na cikin zaƙami, shi ya sa wanda ya sha shi bakinsa ke bushewa, ido ya buɗe, jiki ya yi zafi, hankali ya gushe. Kada wani ya ji haka ya ce zai karya guba da zaƙami. Babu awo a cikinsa, kuma shi kansa yana kisa.

Kusan kowane mataki na sallamar akwai dafin da ya ƙware a kansa. Dafin wasu macizai dangin gamsheƙa toshe makarɓan tsoka yake yi, alamar farko fatar ido ta yi nauyi, sannan haɗiya, sannan numfashi. Kububuwa, wadda ta fi addabar manoma a wurare irin su Kaltungo, ba nan take aiki ba, jini take hana daskarewa. Gubar tetanus kuwa datse furotin ɗin nan masu jan jaka take yi, amma a ƙwayoyin laka waɗanda aikinsu su ce wa tsoka ta dakata. Da aka rufe bakin masu cewa dakata sai haƙora su sarƙe, baya ya banƙare. Jaririn da aka yanke wa cibiya da reza mai datti ta nan ake rasa shi, allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki kuwa ita ke tsare shi.

Tetanus ta nuna mana cewa ba kowane ɗan aike ne ke cewa tashi ba. A ƙwaƙwalwa babban mai zuga shi ne gulutamet, babban mai kwantarwa shi ne GABA. Ƙwaya ɗaya tana sauraron dubban mahaɗu a lokaci guda, akwai ma wasu a ƙeyar ƙwaƙwalwa masu sauraron fiye da dubu 100. Wasu na cewa yi, wasu na cewa bari, ita kuma tana haɗa lissafi, sai masu cewa yi sun rinjaya zuwa wani mizani sannan ta harba nata saƙon. Farfaɗiya rinjayen zuga ne a kan kwantarwa, tarin ƙwayoyi su harba tare ba tsari. Fenobabiton da diyazefam, magungunan da ake ba mai ita, ƙarfin GABA suke ƙarawa. Ciwo ne na mahaɗa mai magani, ba a ɗaukarsa ta yawu, kuma yana yi mini ciwo in ga an watse an bar mai farfaɗiya kusa da wuta ko ruwa saboda wannan tsoro.

A mafi yawan mahaɗun ƙwaƙwalwa ba datse ɗan aike ake yi ba, zuƙe shi ake yi a mayar ciki don a sake amfani da shi. Tramadol, ban da kunna makarɓan rage zafi, yana hana zuƙe wasu 'yan aike biyu, serotonin da noradirenalin, kuma in aka sha da yawa yana jawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Mahaɗar da aka dame ta da irinsa kullum takan rage saurarenta, sai an ƙara awo kafin a ji abin da aka ji jiya, in an daina kuma jiki ya rikice. Wannan canji ne na zahiri a jikin ƙwayar jijiya, shi ya sa faɗa da duka ba sa raba yaro da ƙwaya. Goro kuma, kafeyin ɗinsa toshe makarɓan adenosin yake yi, sinadarin da ke taruwa a yini yana sanar da ƙwaƙwalwa gajiya.

Wani zai ce me ya sa ba a haɗa wayar kai tsaye an huta ba. Wayar da aka haɗa ba ta iya cewa a'a, ba ta iya ƙara murya ko ragewa. Mahaɗa tana iyawa, kuma tana canzawa da amfani. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka wallafa gwajin da suka yi a kan zomaye a Oslo: in aka tsokani wata hanya a ƙwaƙwalwa a jere da sauri, mahaɗunta kan ƙara ƙarfi, su zauna haka sa'o'i. Eric Kandel ya ga irin haka a wata dodon-koɗin teku yayin da take koyo, ya samu Nobel a 2000. Mahaɗar da ake yawan bi takan ƙara makarɓai, wadda aka yi watsi da ita ta raunana. Duk wanda ya yi hadda ya bar tilawa wata biyu ya san wannan a jikinsa.

Mu koma kan kawu, don akwai abin da nake son ku kula da shi. Kwana ɗaya zuwa huɗu bayan gubar oganofosfet, lokacin da yawu ya tsaya kowa ya saki jiki, wasu kan samu wani raunin na biyu a tsokar wuya da kafaɗa da ta numfashi. Gwajinsa mai sauƙi ne: yana kwance rigingine a ce ya ɗaga kai daga matashi. In ya kasa, ko muryarsa ta yi ƙasa, ko numfashi ya zama gajere, a sanar da likita nan take, atrofin ba ta maganin wannan, taimakon numfashi yake buƙata. Bayan an sallame shi, jikinsa zai ɗauki makonni kafin ya ƙera sabon inzayim, kuma a wannan tsakani ɗan feshi kaɗan ya isa ya mayar da shi asibiti, don haka wani ya karɓe masa aikin. In Allah ya kiyaye hakan ta sake faruwa ga wani, a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa da sabulu, mai wankewar ya sa leda a hannu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, don wanda ƙirjinsa ya cika kuma haɗiyarsa ta raunana, abin da aka ɗura huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe, a tafi asibiti da kwalbar maganin, domin ba duk maganin feshi ne ke kama wannan inzayim ba, kuma rubutun jikin kwalbar ne zai gaya wa likita allurar da zai ɗauko.